Yadda katun ɗin Japan ya ci mini takardar aiki

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa hannun talaka, ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Ɗan kashuwal ne ni, wato ma'aikacin da ba shi da takarda. Kullum ka zo bakin get ka tsaya, in akwai fata a kira ka, in babu ka juya gida da ɗan kwanon abincinka. Shekarata biyu a haka, a sashen durom, inda ake juya fatu cikin ruwan magani har gashi ya saki. Wanda ya san warin wurin nan ba sai na yi masa bayani ba. Ko motar haya ka shiga bayan an tashi, za ka ga na kusa da kai yana neman taga.

Abin da kowane ɗan kashuwal yake nema ɗaya ne, takardar dindindin. Da ita ake ba ka katin asibiti da takalmin roba naka na kanka, kuma ka huta da tsayuwar bakin get. Ni nawa har da ƙari, domin akwai gidan da nake neman aure a Panshekara, kuma mahaifin yarinyar ya faɗa mini ba ya ƙina, amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san ko gobe yana da aiki ba. A shekarar nan sai aka ce za a ɗauki mutum ɗaya a sashenmu bayan ƙaramar salla. Manaja bai san ko fuskokinmu ba, don haka ya bar zaɓin a hannun fomanoni biyu, na safe da na yamma. Ya ce su kawo masa suna ɗaya, da sa hannunsu su biyun.

Nan matsalar take, a ganina. Foman na safe dogo ne, mai sanyin magana, ba ya rabuwa da goro. Na yamma gajere ne mai kauri, muryarsa tana fin ƙarar durom. Duka biyun sun haura hamsin. Kullum ƙarfe biyu, lokacin da wannan zai miƙa wa wancan aiki, sai an yi. Na yamma zai ɗaga fata guda ya nuna wa jama'a, ya ce ku zo ku ga aikin makafi, wannan ko jakar bara ba za ta yi ba. Na safe zai tofar da goro ya ce ai gara makaho da ɓarawon gishiri, wanda tumbinsa ma shaida ne. Haka za su yi ta yi har a sa hannu a littafi, kowa ya kama gabansa. Tsofaffin ma'aikata suna ta dariya. Ni na ɗauka dariyar neman gindin zama ce, irin wadda ake yi wa na gaba ko abin da ya faɗa ba daɗi.

To, a wannan tsakanin ne katun ya shigo rayuwata.

Ina da wani abokina da ke aiki a kamfanin roba a Sharada, ɗakinsa yana bayan layinmu. Shi kaɗai ne a cikinmu yake da injin sidi da ɗan ƙaramin janareta, don haka duk satin da muke shif ɗin safe, bayan la'asar a ɗakinsa muke tarewa, mu shida ko bakwai. Wata rana ya sayo wasu faya-fayai a kasuwa, ya ga mutum da doguwar riga a jikin kwalin ya ɗauka fim ɗin faɗa ne na 'yan Sin. Da aka saka sai ga zane. Ɗakin ya ɗauki tsaki. Wani ya ce yanzu mu da gemunmu za a zaunar da mu kallon katun? Abokina ya ce ai an riga an zuba mai, a bari ya ƙare. Kafin kashi na farko ya ƙare an kashe mutum biyu, an ga 'yan sanda suna karɓar na goro, kuma wanda ya yi tsakin shi ne ya ce a rufe ƙofa haske yana damun sa.

Na Japan ne, mai dogon zango, kashi-kashi. Abokina, wanda ba ya barin rubutun bayan kwali ya wuce shi, ya ce wai daga wani tsohon fim mai baƙi da fari aka ɗauko labarin, na mayaƙan takobinsu da ake kira samurai, aka sake masa riga aka kawo shi zamanin bindiga da mota. Labarin wani baƙo ne da ya sauka a garin da gungun 'yan ta'adda biyu suka raba tsakaninsu. Ba shi da kowa, ba ya yawan magana. Ya je wurin wannan bos ya nuna shi nasa ne, ya je wurin wancan ya nuna haka, yana ɗaukar magana daga nan yana ajiyewa can, su kuma suna ta cin junansu.

Da yake ni ne na gama sakandare, ni aka ɗora wa fassara. Turancin da ke gudu a ƙasan allon ya fi ƙarfina, ga sauri ga karyewa, don haka rabin abin da nake faɗa daga kaina yake fitowa. Ba wanda ya taɓa kama ni. Na ba kowane bos muryarsa, shi kuwa akta na ba shi tawa, na ɗan ƙara mata nauyi. Sati uku ina magana da bakin mutumin nan, har ya zama ko a wurin aiki in na jingina da bango sai na zuba hannu a aljihu ina kallon mutane ta ƙasan ido. Ku tuna duk wannan da rigar leda a jikina da warin jima.

Ban san ranar da tunanin ya zo mini ba, na dai wayi gari da shi. Na ce mutum biyu da ba sa ga-maciji ba za su taɓa haɗuwa a kan suna ɗaya ba, sai dai in kowannensu ya ɗauka mai sunan yaronsa ne. 'Yan kashuwal kuwa juya mu ake yi, sati guda safe, sati guda yamma, don haka ina da kunnen kowa. Da na gaya wa abokina dabarar, sai ya ce in tuna shi akta zane ne, ko an doke shi ba ya kumbura. Na ce masa shi ya sa har yanzu yake narka roba.

Da gaskiya na fara. Na sami na safe shi kaɗai a bayan durom, na rage murya na gaya masa cewa jiya bayan ya tafi, na yamma ya ce fatun da ya bari sun wuce lokaci a cikin magani. Ya faɗa ɗin kuwa, a gaban kowa ma. Na safe ya saurare ni har na gama, ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya ce madalla, in ci gaba da buɗe masa kunne. Sati na gaba na kai wa na yamma nasa kason. Shi har dafa kafaɗata ya yi, ya ce ashe yana da ɗa a kamfanin nan bai sani ba.

Abin da ya ƙara rura ni shi ne, duk maganar da na kai, washegari ƙarfe biyu sai in ji ta fito. Na yamma zai ce na ji an ce ka ce kaza, na safe ya ce ni ma na ji an ce ka ce kaza, su yi ta yi fiye da da. Ina gefe hannu a aljihu, ina jin kamar ni nake juya kamfanin gaba ɗaya. Da gaskiyar ta ƙare sai na fara ƙara gishiri, tunda na riga na saba a wurin fassara. Na ce wannan ya ce wancan bai iya karanta ma'auni ba. Na ce wancan ya ce wannan da buhu ya zo Kano. Kowanne ya karɓa, ya gode, ya ce in ƙaro.

Azumi ya zo ya kusa fita, ba wanda ya ce mini komai game da takarda. Hankalina ya fara tashi. A katun ɗin kuma mun kai inda akta ya ga ƙananan maganganu ba sa isa, ya jefa babbar da ta sa gari ya kama da wuta. Na ce ni ma abin da ya rage mini ke nan, in sa ɗaya ya ji ba shi da wani masoyi a duniya sai ni.

Ranar wata Alhamis, kwana kaɗan bayan salla, na sami na safe yana duba littafi. Na gaishe shi, na yi shiru irin na mai jin nauyin abin da zai faɗa.

Na ce, "Baba, wannan karon abin ya yi yawa, ban so in faɗa muku ba."

Ya ce in faɗa.

"Cewa ya yi wai ha'inci ba laifinku ba ne, a nono kuka sha. Wai ai ya san tsohuwarku."

Bai yi dariya ba, bai taɓa aljihun goro ba. Ya rufe littafin a hankali ya dube ni.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"Kai ka ji da kunnenka, ko gaya maka aka yi?"

Nan ya buɗe mini ƙofar fita, yanzu na gane. Ni kuwa na ce da kunnena na ji.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ranar Lahadi akwai suna a gidansa, an yi masa jika, in zo da hantsi, ya kwatanta mini ƙauyen, can bayan Challawa. A ranar, da ƙarfe biyu ta yi, ba a yi faɗa ba. Na safe ya ja na yamma gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka sa hannu aka rabu. Na ce a raina yaƙi ya nuna, tunda har an daina ihu.

Daren Asabar ban iya riƙe abin ba, na gaya wa mahaifiyata cewa foman da kansa ya gayyace ni gidansa. Ta tambaye ni yaushe muka saba haka. Na ɗan buɗe mata dabarar, ban da ta ranar Alhamis. Ta ce ita dai abin da ta sani, mai kawo maka maganar wani shi zai kai taka, kuma manya sun fi yara sanin haka. Na ce mata zamani ya canza. Ta ɗauko mini farar shaddata ta ce in ba mai guga tun da wuri.

Na isa ƙauyen an riga an shafa fatiha. Gida ne babba irin na gado, mutane cike a ƙofar gida a kan tabarmi. Mutumin da na fara gani shi ne foman na yamma. Ba a cikin baƙi yake ba. Ya naɗe hannun riga, wuƙa a hannu, yana feɗe ragon suna, yana ba yaran gidan umarni kamar mai gida. Ina tsaye ban gama fahimta ba sai ga na safe ya fito daga zaure, ya zo ta bayansa ya fige masa hula, ya ce a sa ido a kan hantar nan, ɓarawo ne yake fiɗa. Jama'a suka fashe da dariya, irin dariyar ƙarfe biyu sak.

Na zauna a gefen tabarma. Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni, kamar ba komai, ko mene ne tsakanin mutanen nan biyu. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas. Ya ce ai taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Uwar dogon ƙanwar uban gajeren ce, kuma ita ta raini gajeren tun yana shekara uku da uwarsa ta rasu. Gida ɗaya suke, ga sashen wannan ga na wancan. Ya ce tun suna yara haka suke, ranar da ba su zagi juna ba sai a tambaya ko wani ba shi da lafiya.

Ni Bahaushe, haifaffen Kano, da nawa taubasan da muke irin wannan wasa, na zauna wata da watanni ina kallon wasan taubasai ina ce masa gaba. Ba wanda ya taɓa raba su, ba wanda ya taɓa kai ƙara, ba wanda fuskarsa ta taɓa canzawa, duk ban gani ba. Shif ɗinsu daban, shi ya sa ban taɓa ganin su a hanya tare ba, sauran kuma katun ya cike mini. Kallon kitse na yi wa rogo.

Na so in sulale, na safe ya hango ni. Ya yi mini maraba da fara'a, ya sa aka kawo mini waina da miya, ya tsaya har sai da na ci. Da mutane suka ragu sai na yamma ya wanke hannu, ya zo ya ce in taso mu shiga ciki in gaida Goggo.

Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, idonta ya fara rauni. Na yamma, mai muryar nan da ke fin durom, ya durƙusa a gabanta ya yi magana a hankali, ya ce ga yaron wurin aikinsu ya zo gaishe ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna da nata biyun.

Ta ce, "Kai ne na sashen durom ɗin? Ai na san ka a bakinsu. Tun kafin azumi suke cewa kai za su ba takarda, wai ba ka wasa da aiki. Allah ya sa alheri, ya sa ka riƙe iyayenka da ita. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na ce amin.

Muka fito zaure, su biyu da ni. Ba wanda ya ɗaga murya. Na safe ya ce tun ranar da na kai maganar farko suka haɗa ta a gida suka sha dariya, kullum in an ci tuwo sai a tambayi me ɗan jarida ya kawo yau. Sun ɗauka yarinta ce da zumuɗin takarda, za ta wuce. Wasu ƙaryayyakin ma, in ji shi, sun fi nasu zagin daɗi, har aro suke yi.

Na yamma ya ce, "Da ka tsaya a kan fata da gishiri, wallahi da sunanka yana nan. Amma ka ɗauki matar da ta goya ni ka sa ta a bakina. Shi ya san ban faɗa ba, ni na san ban faɗa ba. To in da ba mu san juna ba fa?"

Na ba su haƙuri. Suka ce sun yafe, kuma na yarda sun yafe ɗin. Na safe ya ce yafiya daban, sa hannu daban. Mutumin dindindin shi ake bar wa makullin ɗakin magani, shi ake tambaya in fata ta lalace a ce wa ya yi, kuma ba za su iya ɗora wannan a kan bakin da suka ji abin da ya iya ba. Ya rako ni har bakin hanya, ya ba ni ƙullin naman suna ya ce in kai wa mahaifiyata.

Bayan sati biyu aka ba wani mutumin Damagaram takardar, wanda in ba gaisuwa ba ban taɓa jin muryarsa ba. Ya cancanta. Mahaifin yarinyar ya ƙara mini wata shida, da ya ga shiru ya ba wani, ban kuma ga laifinsa ba. Na ƙara shekara ɗaya da rabi a kamfanin ina tsayuwar bakin get. Fomanonin nan ba su taɓa gaya wa kowa ba, ba su taɓa tsallake ni a layi ba. Abu ɗaya ne ya canza. In ina wurin ƙarfe biyu, sai su gaisa da mutunci, su sa hannu, kowa ya tafi. In ba na nan, aka ce, suna yin abinsu kamar da. Ma'aikata har suna cewa ƙafata ba ta da kyau, in na zo ba a dariya.

Katun ɗin kuwa mun ƙarasa shi, ni na fassara har ƙarshe, sai dai na daina ƙara wa akta nauyin murya. Ban taɓa ɗora masa laifi ba, labari ne mai kyau, ko yau na samu zan kalla. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, shi baƙo ne, ba ya da uwa a garin, ba ya neman auren kowa, in ya gama ɓarnarsa jakarsa zai ɗauka. Ni kuwa na je yin baƙunta a inda in ka bi kowane mutum biyu da tambaya sai ka tarar da kaka ɗaya.

Yanzu ina da aikina, ina da iyali, takardar nan ko a mafarki ba ta zuwa mini. Na safe ya rasu, na je gaisuwa, na yamma ya karɓe ni hannu biyu. Abin da ya ƙi barina shi ne tsohuwar nan. Har ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata, tana nan a kan cewa ni yaron kirki ne da ba ya wasa da aiki. Ta riƙe hannuna ta sa mini albarka, ni kuma na amsa mata amin da bakin da na zage ta da shi kwana uku kafin nan.